Yadda Ake Ciyar da Dattijo Don Kada Tsokarsa Ta Zaizaye

Aikina a asibiti shi ne tsara wa marasa lafiya abinci, kuma akwai abin da na gaji da gani. Za a turo dattijo a keke, 'ya'yansa huɗu ko biyar na biye, kowa da makullin mota a hannu. Sai in rusuna in gaishe shi, in ce, "Baba, me kuka ci jiya tun daga safe har dare?" Kafin ya buɗe baki babbar 'yarsa ta karɓe zancen: "Ai likita, ba ma wasa da cikinsa. Kunun gyaɗa, kunun tsamiya, koko, filas ba ya barin gefen gadonsa." Tana faɗa da ƙarfin gwiwa, don a ganinta ta sauke nauyi. Ni kuwa idona na kan hannun tsohon. Zoben azurfar da ya shekara talatin a yatsansa an naɗa masa zare don kada ya suɓuce, agogo ya gangaro har bayan hannu, fatar dantse tana reto kamar rigar aro.

Idan na nuna musu sai su ce tsufa ne. Tsufa na da nasa kaso, ban musa ba. Amma kaso mai yawa yunwa ce da ke kama mutum alhali cikinsa a cike yake, wato ƙarancin furotin, sinadarin da jiki ke gina tsoka da shi. Kurakuran da iyalai ke yi iri ɗaya ne daga wannan gida zuwa wancan, shi ya sa na ga gara in rubuta tsarin da nake koya musu baki da baki.

Abin da ke faruwa a cikin jikinsa

Ku ɗauki tsoka kamar katangar ƙasa. Damina tana ci, rani ana yaɓe. A jikin mutum damina da rani suna zagayowa cikin kwana ɗaya: tsakanin abinci da abinci, da kuma cikin dare, rushewa ce ke rinjaye, bayan an ci abinci mai furotin sai gini ya rinjaya na 'yan sa'o'i. A kowace rana jikin baligi yana rushe furotin wajen giram 250 zuwa 300 ya sake gina shi. Yawancin tubalan da suka zubo, waɗanda ake kira amino asid, yana sake ɗora su a ginin. Wani kaso kuwa hanta tana mayar da shi yuriya, ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Wannan kason da ya tafi shi ne dole abinci ya maye gurbinsa. Jiki yana da rumbun kitse, yana da ɗan ma'ajin sukari a hanta, amma ba shi da rumbun furotin sai tsokar kanta. Duk ranar da abinci ya gaza, daga cinya da dantse ake ciro bashin.

Saurayi yana cin ɗan abin da ya samu, tsokarsa ta amsa nan take. Tsokar dattijo kuwa kunnenta ya yi nauyi. Ni haka nake kwatanta wa iyalai: idan za ka kira tsoho daga zaure, raɗa ba ta isa, sai ka ɗaga murya. Masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada sun fitar da lissafin a 2015. Sun ga cewa saurayi yana kai ƙololuwar ginin tsoka da furotin kimanin giram 0.24 a kan kowane kilo na nauyinsa a zaman ci ɗaya, amma dattijo sai ya kai wajen giram 0.40. Kusan ninki biyu ke nan. Ƙari a kan haka, hanji da hantar tsoho suna riƙe kaso da ya fi na saurayi daga abin da ya ci tun kafin ya isa jini ya kai ga tsoka. To ga mutum buƙatarsa ta ƙaru, haƙoransa sun ragu, ɗanɗano ya dushe, mu kuma muka rage masa abinci muka mayar da shi ruwa-ruwa. Wannan zaizayewar tsoka tana da suna a likitance, sakofeniya, wanda wani likita Ba'amurke, Irwin Rosenberg, ya raɗa mata a 1989. Ita ce ke sa dattijo ya fara sallar farilla a zaune, ita ce kuma ke kayar da shi a banɗaki ya karye a ƙugu.

Kayan aiki

Sikelin awon mutum, ko na kemis ɗin unguwa idan babu a gida. Tef ɗin tela. Kujera mai ƙwari wadda ba ta da hannu. Agogo ko waya mai ƙirga daƙiƙa. Littafin rubutu da biro, na wannan aikin kaɗai. Gwangwanin madara wanda babu komai a ciki, shi ne mudunmu. Turmi ko injin markaɗe. Sai mutum ɗaya tak da zai ɗauki nauyin lura, domin na sha ganin gida mai mata uku da jikoki ashirin, kowa na zaton wani ya ba Baba abinci.

Mataki na 1: A duba ƙodarsa kafin a ƙara komai

Ku kai shi a gwada jini da fitsari, a duba yadda ƙoda ke aiki, a auna sukari da hawan jini. Dalili shi ne ƙoda ce ke fitar da yuriya. Lafiyayyar ƙoda ba ta damuwa da adadin da zan ambata a nan, amma wadda ta riga ta lalace ƙarin furotin yana ƙara mata kaya. Mai ciwon sukari ko hawan jini na shekaru yana iya samun taɓuwar ƙoda bai sani ba, don ciwon ba ya ihu sai ya yi nisa. Idan likita ya ce ƙodar ta yi rauni sosai, ku ajiye wannan jagora ku bi adadin da ya yanka muku. Haka nan mai ciwon hanta.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen. Wani ya ji a majalisa cewa nama na kashe ƙoda, sai a hana tsoho lafiyayye nama da ƙwai da wake gaba ɗaya. Ba tare da gwaji ba, wannan hani zalunci ne da kyakkyawar niyya.

Mataki na 2: A auna shi a rubuta

Nauyi da safe, kafin ya ci komai, ba da babbar riga ba. Sannan ku zagaya tef a inda sharaɓarsa ta fi kauri. Idan ba ta kai santimita 31 ba, tsoka ta riga ta ragu. Na uku, ya zauna a kujera ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5 a jere, wani na tsaye kusa don kada ya faɗi. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa sai da dafa gwiwa, ƙarfin ƙafa ya yi ƙasa. Kada ku dogara da nauyi kaɗai. Dattijo mai tumbi yana iya zama da siraran ƙafafu, kitse ya rufe ɓarnar. Mai kumburin ƙafa kuma tef zai yi muku ƙarya.

Mataki na 3: A fitar da adadinsa

Ma'aunin da aka daɗe ana bai wa kowane baligi shi ne giram 0.8 a kan kowane kilo a rana. A 2013 wani kwamitin masana lafiyar tsofaffi daga ƙasashe daban-daban, wanda aka sani da PROT-AGE, ya ba da shawarar cewa wanda ya haura shekara 65 ya riƙa samun giram 1.0 zuwa 1.2, mai fama da ciwo kuma 1.2 zuwa 1.5, in banda mai matsanancin ciwon ƙoda. Lissafin ba wuya. Dattijo mai kilo 60 yana buƙatar giram 60 zuwa 72 a rana, wato wajen giram 20 zuwa 25 a kowane zaman ci, sau uku.

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe: giram 25 na furotin ba shi ne giram 25 na nama ba. Ɗanyen nama yawancinsa ruwa ne, kashi ɗaya cikin biyar ne kawai furotin. Ga abin da nake sa iyalai su haddace, a kan kimantawa:

Ƙwai ɗaya, giram 6. Dafaffen nama ko kaza ko kifi mai faɗin tafin hannu, ba ƙashi ba kitse, giram 25. Kofin madara ko kindirmo, giram 8. Garin madara cokalin cin abinci uku a cike, giram 6. Gwangwanin madara na ɗanyen wake, kusan giram 30, amma idan ya dahu ya fi ƙarfin cikin tsoho a zama ɗaya, don haka ku lissafa rabi. Gwangwanin sadin, wajen giram 20. Gyaɗa cikin tafi ɗaya, giram 7. Busasshen kifi da kilishi, kusan rabin nauyinsu furotin ne. Kofin koko ko kunu, giram 4 ko ƙasa da haka. Garin rogo da tuwon alabo, kamar babu.

Mataki na 4: A rubuta abin da yake ci na kwana uku

Abin da ya shiga cikinsa za a rubuta, ba abin da aka zuba masa ba. Wannan mataki mutane ke tsallakewa, shi ne kuma ke tona asiri. Kwanon dattijo a gidajenmu ba nasa ba ne shi kaɗai. Tsokar naman da aka sa masa a miya, jikan da ke zaune a gabansa ne ke cinye ta, shi da kansa yake miƙa masa. Saura ya tura wa almajiri ko baƙon da ya yi sallama a zaure. Kwano ya dawo cikin gida fes, uwargida ta yi hamdala.

Wani dattijo da na yi wa wannan lissafi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai kilo 58, ga ranarsa: koko da sukari da safe, shayi da burodi da hantsi, shinkafa da mai da yaji da rana ya ci rabi, tuwo malmala ɗaya da miyar kuka da dare, goro a tsakani. Da na haɗa, da ƙyar ya kai giram 30, rabin abin da yake buƙata. Na ce, "Baba, naman miyar fa?" Ya yi murmushi ya nuna min dasashi, ya ce, "'Yata, da me zan tauna? Na bar wa masu haƙori."

Mataki na 5: A raba shi gida uku, a fara da safe

Tunda tsokar tana buƙatar kira mai ƙarfi kafin ta amsa, ɗan tsinken furotin nan da can ba ya tayar da gini yadda ake so. Haka kuma tara shi duka a ci ɗaya ba ya biyan bashin sauran. A Galveston ta jihar Texas an ba mutane, matasa da tsofaffi, naman sa mai ɗauke da furotin giram 30, aka ba wasu ninki uku, giram 90. Da aka auna ginin tsoka cikin sa'o'in da suka biyo baya, ba a ga bambanci ba. An buga sakamakon a 2009. Ma'anarsa a wurinmu a fili take: naman layya da ake jibga wa tsoho kwana uku, ko tsiren da ɗansa ke kawo masa daren Juma'a, ba ya rama watannin da ya yi a kan kunu. Kilo ɗaya na nama da aka raba masa kwana bakwai ya fi masa amfani a kan kilo biyu a yini ɗaya.

Safiya ita ce babban giɓi. Mutum ya kwana sa'a goma ko fiye jikinsa na cin tsokarsa, gari ya waye a tare shi da ruwan gero da sukari. Kada ku ƙwace masa kokonsa, ba zai yarda ba, kuma ba laifin kokon ba ne. Ku ƙara masa nauyi: a dama garin madara cokali uku a ciki, a dafa ƙwai biyu, a sa ƙosai uku ko huɗu a gefe. Kun kai giram 25 ke nan ba tare da an sauya masa al'ada ba. Wata rana alala maimakon ƙosai, wata rana awara. Idan mai zuwa teburin mai shayi ne, a yi magana da mai shayin a riƙa soya masa ƙwai biyu, a biya a ƙarshen mako.

Da rana, shinkafa da wake wadda waken ya yi rinjaye, da ɗan kifi ko ƙwai a kai. Ko fura da nono, wadda tsofaffi da yawa suka fi so a kan komai. Sai dai a lura da nonon. Wanda aka tsinka da ruwa aka kaurara shi da garin kuka, farin ne kawai ya rage. Ku nemi kindirmo, kofi biyu, fura kaɗan, sukari kaɗan ko babu. Ɗanwake ma kada sunansa ya ruɗe ku. Na yanzu yawancinsa fulawa ne da garin rogo, sai in a gida aka yi da wake na gaske.

Da dare, tuwonsa yana nan, miyar za a gyara. Miyar wake, miyar agushi, taushe mai gyaɗa da yawa, ko kuka da kuɓewa da aka daka busasshen kifi a ciki har ya zama gari. Kifin da ya narke a miya ba ya miƙuwa ga jika.

Wani abu da ake mantawa: idan abincin gaba ɗaya bai ƙosar ba, jiki zai ƙone furotin ɗin a matsayin makamashi maimakon ya yi gini da shi. Don haka tuwo da mai suna da aikinsu, ba a cire su.

Mataki na 6: A zaɓi mai kyau, a sarrafa shi daidai bakinsa

Furotin ba duka ɗaya ba ne. Daga cikin tubalan akwai guda tara da jiki ba ya iya ƙerawa, sai daga abinci. Ɗaya daga cikinsu, lusin, shi ne kamar mai buga ƙararrawar fara aiki a cikin tsoka, kuma ya fi yawa a madara, ƙwai, nama da kifi. Gero, dawa, masara da shinkafa suna da ƙarancin wani tubalin mai suna laisin, wake kuma yana da shi da yawa. Shi ya sa haɗin hatsi da wake ya fi kowannensu shi kaɗai, abin da iyayenmu suka daɗe suna yi a garau-garau da koko da ƙosai ba tare da sun san sunan tubali ko ɗaya ba.

Ga gidan da kuɗin nama ya yi wa tsada, waken suya shi ne mafita mafi araha: fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne, kuma mai inganci. A soya shi sama-sama, a ɓarza a fece, a niƙa, a riƙa haɗa mudu ɗaya da mudu uku na hatsin tuwo ko na kunu. Ɗanye ba a cinsa, yana hana narkewar abinci ya ɓata ciki. Garin ƙuli-ƙuli a kan kwaɗon zogale yana taimakawa, fara ma haka a lokacinta. Zogalen kansa ganye ne mai albarka, amma yawan da tsoho zai iya ci ba zai cike gurbin ƙwai ba, komai abin da masu talla ke faɗa.

Sai batun haƙori. A Jami'ar Maastricht ta Holan, a 2013, an ba dattawa maza naman sa iri ɗaya, wani lokaci a yanke wani lokaci a niƙe. Niƙaƙƙen ya fi saurin narkewa da shiga jini, kuma jikinsu ya fi riƙe furotin ɗinsa. Mu da muke da dambun nama ba mu da uzuri. A dafa nama ya yi luguf a daka, a yi farfesun kifi a cire ƙaya tsaf, a jiƙa kilishi a miya ya yi laushi. Idan akwai haƙori mai ciwo ko na roba da ya yi sako-sako, a kai shi wurin likitan haƙori, don sau da yawa a nan matsalar take.

Hatsarori a wannan mataki suna da dama. Ɗanyen ƙwai da ake fasawa a lemon malt da madara wai don ƙarin jini, ku daina: jiki yana narkar da kusan kashi 90 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa wajen rabi ne, ga haɗarin gudawa. Madarar shanu da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka da wasu cututtuka. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli masu ɗaci ko fumfuna suna da dafin da ke lalata hanta, a zubar. Kilishi, sadin da tsire suna da gishiri mai yawa, mai hawan jini ya taƙaita. Mai ciwon gaɓoɓin da ke kumbura babban yatsan ƙafa ya guji kayan ciki. Wake da busasshen kifi masu warin maganin ƙwari kada su shiga tukunya. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, idan yana tari ko ƙwarewa wajen ci, a gaya wa likita, a riƙa ciyar da shi a zaune tsaf, da abinci mai kauri, kada a ba shi a kwance.

Kuma a ba shi ruwa. Dattawa maza da yawa suna ƙin sha saboda yawan tashi fitsari da dare. A cika masa da safe da rana, a rage bayan magariba.

Mataki na 7: A sa tsokar aiki

Da a ce mataki ɗaya za ku ɗauka daga wannan jagora, da na rasa wanda zan zaɓa tsakanin wannan da na biyar. Furotin tubali ne, motsi shi ne magini. A Boston an gwada maza 92 masu shekara 65 zuwa sama waɗanda ƙarfinsu ya fara raguwa, aka ba wasu giram 0.8 wasu 1.3 har wata shida, ba tare da wani tsarin atisaye ba. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna ƙarin furotin shi kaɗai bai ƙara musu tsoka ko ƙarfi ba. Ina ambata wannan don kada wani ya sayo gwangwanayen garin furotin masu tsada ya ajiye tsoho a gado yana jiran mu'ujiza. A Boston ɗin dai, tun 1990, an sa wasu tsofaffi masu kimanin shekara 90 atisayen ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas, ƙarfin cinyarsu ya ninka fiye da sau biyu. Tsokar da aka yi aiki da ita kunnenta yana buɗewa, ta fi karɓar abincin da ya biyo baya har zuwa washegari.

A gida ba a buƙatar injin komai. Tashi da zama a kujera sau 8 zuwa 10, a huta, a maimaita. Dafa bango a ɗaga duga-dugai. Ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya ko biyu da kowane hannu. Kwana uku a mako, a riƙa ƙarawa a hankali, abinci mai furotin ya biyo baya. Tafiya masallaci tana da kyau, amma ita kaɗai ba ta isa ƙarfafa cinya. Idan ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya sarƙe, a tsaya a nemi likita.

Babban abokin gaba a nan shi ne ladabinmu. Baba zai ɗauki buta, yaro ya ruga ya karɓe. Zai je gona ko kasuwa, a ce ya zauna ya huta, ai ya yi nasa. Biyayya ce, Allah ya ba da lada, amma ku bar masa abin da yake iyawa. Ranar da kuka karɓe masa buta, kun fara koya wa hannunsa mantuwa.

Mataki na 8: Kwanakin ciwo da na azumi

Kwanciya tana cin tsokar tsoho da sauri fiye da yadda ake zato. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, lafiyayyun mutane masu kimanin shekara 67 sun kwanta a gado kwana 10 suna cin abinci daidai, amma suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Waɗannan lafiyarsu ƙalau. Ku kwatanta da wanda zazzaɓin cizon sauro ko tiyata ta kwantar, aka kuma mayar da shi kan ruwan shayi da lemo. Lokacin ciwo buƙata ƙaruwa take yi. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida: kindirmo, kunun gyaɗa da madara, romo mai dakakken nama a ciki. Romo zalla ƙamshi ne da gishiri, furotin yana cikin tsokar da aka tsame. Da zarar likita ya yarda, a zaunar da shi, a tsayar da shi, a taka da shi ko zuwa bakin ƙofa ne.

A watan Ramadan, ga wanda yake da ikon yin azumi, zama ukun suna nan: buɗa-baki, bayan tarawihi, da sahur. Kuskuren shi ne cika ciki da kunu da lemo da soyayyen dankali a buɗa-baki har a rasa wurin abinci. Dabino da ruwa, ƙosai ko alala da ƙwai, sannan abinci mai nauyi bayan tarawihi. Sahur kuma kada ya rasa nono ko ƙwai ko wake, domin shi zai riƙe tsokar tsawon yini. Mai ciwon sukari ko ƙoda ya tuntuɓi likita da malami tun kafin wata ya kama.

Mataki na 9: A sake awo

Nauyi duk mako biyu, tef da kujera duk wata. Kada ku sa ran ganin dantse ya cika. Abin da ke fara dawowa shi ne ƙarfi, cikin mako shida zuwa takwas, sai ku ga daƙiƙun tashi daga kujera suna raguwa. Tsohon ma'aikacin jirgin nan ya fara da daƙiƙa 21, bayan wata uku ya sauko 14, ɗansa ya ce ya koma tashi daga sujada ba tare da an kama shi ba.

Idan kuwa kuna yin duk wannan amma nauyi na ci gaba da sauka, har ya rasa kilo 3 cikin 60 a wata shida, ko akwai tari mai daɗewa, zufar dare, yawan ƙishirwa, wahalar haɗiya, baƙin bayan gida, ko ya daina sha'awar abinci da mutane gaba ɗaya, to maganar ta wuce kicin. Tarin fuka, ciwon sukari, ciwon daji da ciwon damuwa duk suna fara bayyana da rama. Ku mayar da shi asibiti a makon, ku tafi da littafin da kuka rubuta awo da abincinsa a ciki, ku miƙa wa likita.